Raddi ga Mai Ɗora wa Ken Kesey Alhakin Mahaukatan Titi

Wani malamin adabi, wanda nake ganin girmansa a wasu fannoni, ya dage cewa littafin Ken Kesey mai suna One Flew Over the Cuckoo's Nest guba ne. Hujjojinsa uku: wai littafin ne ya sa Amurka ta rufe asibitocin masu taɓin hankali ta watsa su kan titi, wai Nas Ratched ta cikin littafin aikinta kawai take yi, wai majinyacinta McMurphy ɗan iska ne da bai cancanci a kira shi jarumi ba. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, da iyakar adalcin da zan iya.

Ta farko ce ta fi ba ni haushi, domin kalanda kaɗai ta isa ta rushe ta. Littafin ya fito a 1962. Yawan majinyata a asibitocin jihohin Amurka ya kai ƙololuwarsa a 1955, kusan mutum 559,000, daga nan ya fara sauka. Shekara bakwai ke nan kafin kowa ya karanta shafi ɗaya na Kesey. Malam, ta yaya ɗa zai haifi ubansa? Abin da ya fara buɗe ƙofofin shi ne maganin Thorazine, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1954, ya kwantar da waɗanda a da sai an ɗaure. Sai dokar da Shugaba Kennedy ya sa wa hannu a 1963 don gina cibiyoyin jinya a cikin unguwanni, waɗanda ba a gina da yawa daga cikinsu ba. Sai shirin Medicaid na 1965, wanda ya ƙi biyan kuɗin jinyar manya a manyan asibitocin ƙwaƙwalwa, jihohi kuwa suka gane sallamar majinyaci ta fi riƙe shi araha. Lissafin kuɗi ne aka yi a majalisu. Fim ɗin littafin da Jack Nicholson ya fito a ciki ma sai 1975, lokacin da tuni asibitocin sun zubar da fiye da rabin mutanensu. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuma Kesey ba daga gida ya ƙago asibitin ba. Ya yi aikin dare a asibitin tsofaffin sojoji da ke Menlo Park a Kalifoniya. Tiyatar yanke ƙwaƙwalwa da aka yi wa McMurphy ba ƙirƙira ba ce: wanda ya fito da ita, Egas Moniz, har lambar Nobel aka ba shi a 1949, ita ce kuma ta nakasa Rosemary, ƙanwar Kennedy, a 1941.

Batun Ratched kuwa, wane aiki? Majinyata arba'in ne a ɗakin. Ashirin suka ɗaga hannu don a bar su su kalli gasar besbol a talabijin, ta ce ba su yi rinjaye ba, ta haɗa da waɗanda ba su san inda kansu yake ba a lissafi. Da wani majinyaci, Bromden, ya ɗaga hannu na ashirin da ɗaya, ta ce an riga an tashi taro. Billy Bibbit kuma, wani majinyaci mai in'ina, ta san tsoron uwarsa ne rauninsa, da shi ta yi masa barazana har ya yanke maƙogwaronsa. In wannan ne jinya, Allah ya raba mu da ita.

McMurphy ɗan iska ne? Ƙwarai. Ɗan caca ne, mafaɗaci, ya yi haukan ƙarya don ya guje wa noman fursuna. Littafin bai ɓoye ba. Sai dai ya gano cewa yawancin abokansa da kansu suka kawo kansu, shi kuwa sai nas ta yarda zai fita, kuma bayan ya ɗan lafa ya koma ya ci gaba da ja da ita.

Malam ya kuma manta wanda ke ba da labarin: Bromden, wanda ya shekara da shekaru yana kurman ƙarya. Shi ne ya fasa taga ya fita. A koma a sake karanta littafin, wannan karon har ƙarshe.