Koci Ba Ɗan Ƙodago Ba Ne

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars mallakar gwamnatin jihar Kano ce, abin da gwamnati ta mallaka kuwa na jama'a ne. Da kuɗin baitulmali ake biyan 'yan wasanta, da shi ake sha wa motarta mai in za ta Aba ko Fatakwal, da shi ake ɗauko mai horar da ita, kuma da shi ake sallamarsa ranar da aka gaji da shi. Wannan baitulmali na ƙananan hukumomi 44 ne, har da tamu. Don haka manomin Tsanyawa da bai taɓa taka filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba, wanda iyakar alaƙarsa da ƙungiyar ita ce ya kara rediyo a kunne ranar Lahadi da la'asar, yana da haƙƙi a cikinta daidai da na mai zama a rumfar manyan baƙi. Da wannan haƙƙi nake magana. Ƙorafina shi ne, yadda ake ɗaukar koci a ƙungiyoyin gwamnati, tun daga Pillars har zuwa Super Eagles, ya fi kama da yadda ake ɗaukar ɗan ƙodago a bakin kasuwa, alhali aikin da ake damƙa masa irin na mai gandu ne.

A wurinmu kowa ya san bambancin mutanen nan biyu. Ɗan ƙodago da safe ake kiransa, a nuna masa kunya, ya yi noma, a biya shi da yamma. Babu ruwansa da ko gonar ta sha taki, ko wane iri aka shuka, ko baɗi za ta ba da amfani, kuma babu mai ganin laifinsa, domin jingar da aka yi da shi ke nan. Mai gandu kuwa tun da rani yake kai taki a jaki, ya san inda ruwa ke kwanciya, ya san fuskar da ƙuduji ya addaba, ya san bana gero, baɗi gyaɗa, don ƙasa ta huta. Wanda ya ɗauki mutum a kan sharaɗin ƙodago sannan ya zo da kaka yana neman rumbu ya cika, shi ya kamata a tuhuma.

Mai karatu ya dubi tarihin ƙungiyar da kansa. An kafa ta a 1990 bayan haɗe wasu ƙungiyoyi uku na cikin Kano, ta kuma ci gasar ƙasa sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. Kadiri Ikhana ne ya fara ciyo mata kofin a 2008, kuma kafin ya zo Kano ya riga ya ci kofin zakarun Afirka da Enyimba a 2003. Mohammed Baba Ganaru ya ci biyu a jere. Okey Emordi, wanda ya ci na 2014, shi ma ya taɓa ɗaukar kofin Afirka da Enyimba a 2004. A tsakani, a 2009, Bature ɗan Sulobeniya Ivo Sajh ya kai ƙungiyar zagayen kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar, har sai da Heartland ta Owerri ta tare mata hanya. A 2019 kuma ɗan gida, Ibrahim Musa, ya ɗauko kofin ƙalubale a Kaduna bayan doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Na jero sunayen nan ne don in rufe bakin wata muhawara da ke cinye mana lokaci a majalisa da gidajen kallo, wato ko ɗan Kano ya fi dacewa ko baƙo, ko baƙar fata ko Bature. Kowane jinsi a cikinsu ya taɓa kawo wa Kano abin alfahari. Abin da ya kamata a tambaya shi ne me mutum ya taɓa yi, me aka ɗauko shi ya yi, kuma kwana nawa aka ba shi.

Za a ce da ni, ai ga shi da bakinka ka nuna an yi ta sauya koci kuma kofi bai daina zuwa ba. Gaskiya ne, amma a tuna abin da bai sauya ba a waɗannan shekaru. Ginshiƙan ƙungiyar suna nan: Rabi'u Ali a tsakiya, Gambo Muhammad a gaba, Theophilus Afelokhai a raga. Filin Kano kuma ya zama kabarin baƙi, an shafe kimanin shekara 12 ba a ci Pillars a gida a gasar ƙasa ba, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya lagon. Duk kocin da ya zo a lokacin gona ya tarar a gyare, taki ya kama, nasa shuka da girbi. Wannan zamani ya koya wa masu gudanarwa darasi maras kyau, suka ɗauka ko wa aka sa a kujerar abin zai tafi. Da ginshiƙan suka fara tsufa, aka watse, sai gaskiya ta yi halinta.

A 2020 aka ɗauko Bafaranshe Lionel Soccoia. Kafin ya gama sanin sunayen 'yan wasansa Jaraaf ta Senegal ta fitar da ƙungiyar daga gasar Afirka tun a zagayen share fage, kuma bai kai tsakiyar 2021 a Kano ba. A 2022 Pillars ta faɗa rukunin 'yan dagaji, a kakar da aka zabtare mata maki saboda tarzoma a filin wasa, aka kuma hana ta buga wasannin gida a gaban magoya bayanta. Wane koci ne zai iya maganin wannan? Evans Ogenyi ya dawo da ita babbar gasa a 2023. Sakayyarsa ita ce aka miƙa ragamar ga Abdu Maikaba, bayan kaka ɗaya kuma ga Usman Abdallah. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan da za a kira ɗan koyo. Maikaba ya ci kofin ƙalubale da Akwa United a 2017, Abdallah ya ci gasar ƙasa da Enyimba a 2019. In masana irin waɗannan suna shiga ƙofa ɗaya suna fita ta ɗaya ba tare da ɗayansu ya ga amfanin shukarsa ba, to ruwa ba ya tsami banza, sai a leƙa tulun.

Abin da ke iso mu a ƙauye game da kowane ɗauka suna ne kawai, da hoton musabaha, da alƙawarin za a dawo da martabar Sai Masu Gida. Ban taɓa jin an karanta mana a rediyo cewa mutum kaza ne suka nema, ga ma'aunin da aka auna su da shi, ga dalilin da ya sa wane ya rinjayi wane ba. A inda babu bayani jita-jita ke sarauta. Sai ka ji ana cewa wane yaron wane ne, wane kuma dillali ne ya kawo shi. Ko da ƙarya ce, rufa-rufar ce ta haife ta, kuma kocin ne ke fara shan dafinta, domin tun ranar farko rabin 'yan kallo na kallonsa a matsayin ɗan alfarma. Hukumar da ta ɗauko shi ita ma a kan siraɗi take, tunda naɗin gwamnati ce, in gwamnati ta sauya ko ta fusata sai a rushe ta. Mutumin da bai san ko zai kai baɗi a kujerarsa ba ba zai ɗauki koci don shekara uku masu zuwa ba. Zai ɗauki wanda zai kashe masa wutar wannan mako, in wutar ta ƙi mutuwa ya jefa shi ciki ya tsira.

Cutar ba a Kano ta tsaya ba, daga sama ta gangaro. Shu'aibu Amodu sau biyu yana kai Najeriya gasar cin kofin duniya, ta 2002 da ta 2010, sau biyu kuma ana tsige shi ana saura 'yan watanni a tafi, bayan ya zo na uku a gasar Afirka. Na farko aka ba Adegboye Onigbinde, na biyu aka ɗauko Lars Lagerback daga Suwidin. Kowannensu maki ɗaya tak ya dawo da shi. An fafe gora ranar tafiya har sau biyu, kuma duka biyun ta yoye. A 2016 hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta yi shelar ta ɗauki Paul Le Guen, mutumin bai zo ba. A 2024 ta sake shelar Bruno Labbadia, cikin 'yan kwanaki maganar ta wargaje. A wannan shekarar dai aka naɗa Finidi George, ya buga wasa biyu na neman gurbin kofin duniya, aka ce za a kawo masa Bature a bisa kansa, ya ajiye aikin. A ina aka taɓa kai amarya kafin a yanka sadaki? Wanda ya fi kowa daɗa wa ƙasar nan suna a fagen, Clemens Westerhof, wasansa na farko a gasar Afirka ta 1990 Aljeriya ta zura masa biyar da ɗaya. Da a yau ne da tun a filin jirgi za a karɓe takardarsa. An bar shi shekara biyar, ya ci kofin Afirka a 1994, ya kai Najeriya kofin duniya karo na farko. Abin takaicin shi ne, ba tsari ne ya kare shi ba, kusancinsa ne da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Augustus Aikhomu. Ko haƙurin da ya taɓa yi mana rana, na alfarma ne.

Kada a zaci ina nufin a can waje mala'iku ne. A Amurka, inda jami'o'i ke da ƙungiyoyin irin ƙwallonsu ta hannu da ke cika filaye da dubban mutane, har kamfanoni ake haya su nemo koci, ga attajiran tsofaffin ɗalibai na cusa baki. Duk da haka a 2001 jami'ar Notre Dame ta ɗauki George O'Leary, bayan kwana biyar ya sauka da aka gano ya yi ƙari a takardun karatunsa. A 2023 jami'ar Texas A&M ta kori Jimbo Fisher, ta ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75 don kawai ya tafi. Wauta ce mai tsada. Amma mun san adadin, kuma wannan shi ne bambancin. Kwantiragin kocin jami'ar gwamnati a can takarda ce da ɗan jarida zai nema ya gani, saboda haka mai ɗauka ya san in ya yi kuskure da sunansa za a kira kuskuren. Shi ya sa jami'ar Alabama ta iya haƙuri da Nick Saban da aka doke shi sau shida a 2007, shekararsa ta farko, ya kuwa saka mata da kofin ƙasa shida.

Inda abin ya fi ci mini rai bai shafi kofi ba. Duk yammacin duniya, a filayen makarantun firamare na Tsanyawa da 'Yankamaye da ƙauyukan da ke kewaye, akwai samari da ke buga ƙwallo bayan sun taso daga gona, wasu ba takalmi. A cikinsu akwai masu baiwar da in an rene ta za ta ciyar da gida guda. Hanyarsu ɗaya ce zuwa sama, wato wani mai ido ya gan su, ya ɗauke su, ya jure kurakuransu na kaka ɗaya ko biyu. Kocin da aka gindaya wa wasa uku ko ya ci ko ya kama gabansa ba zai hau titin Katsina ya wuce Bichi don kallon yaro ɗan shekara 16 ba. Zai kira dillali a kawo masa wanda ya riga ya ƙosa, ko da ya zagaye ƙungiyoyi shida, a biya kuɗin sa hannu daga baitulmalin da uban yaron nan ke da rabo a ciki. In an kori kocin, sabon ya zo da nasa mutanen, a sallami na da, a sake biya. Ahmed Musa yana matashi ɗanye ya ci ƙwallo 18 a rigar Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, domin an ba shi fili. Gasar Ramat ta matasa a Kano ake yin ta, a ƙofar gidan ƙungiyar. Kayan suna nan, mai tsayawa ya tsince su ne ba a bari ya zauna.

Na san masu cewa ƙwallo ba ta jira, 'yan kallon Kano ba su da haƙuri, in an yi rashin nasara biyu a gida sai duwatsu. Na yarda akwai wannan hali, kuma ya jawo mana asarar maki da kunya. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan kallo yana neman kan koci ne domin an saba masa da cewa shi ne kawai kan da ake iya samu. Da za a fito tun farkon kaka a ce wannan mutum shekara uku muka ba shi, bana burinmu mu tsaya a tsakiyar teburi, mu shigo da yara biyar daga ƙaramar ƙungiya, baɗi mu nemi gurbin Afirka, da mai jifa ya san abin da zai auna kafin ya ɗauki dutse. Mutanen da ke shuka a watan Yuni su jira Oktoba ba za a koya musu jira ba, sai dai a gaya musu me ake jira.

Ban nemi a hana korar koci ba, wanda ya gaza a sallame shi, a kuma biya shi cikakken haƙƙinsa. Abin da nake nema shi ne a tallata kujerar a fili, a sa tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa da suka san aikin su tantance, su sa hannu da sunayensu a kan wanda suka zaɓa, a bayyana tsawon kwantiragi da abin da zai ci, kuma a rubuta a ciki cewa duba yaran ƙananan hukumomi aiki ne na dole. Kuɗin ƙungiyar ta majalisar dokokin jiha yake bi kafin ya fita. Ɗan majalisar da muka zaɓa daga wannan yanki yana da ikon ya miƙe ranar kare kasafi ya nemi a kawo masa jerin masu horarwar da aka ɗauka tun daga 2015, da abin da aka biya kowannensu na shiga da na fita, da sunan wanda ya sa hannu a kowace takarda.