Wa Ya Ji Muryar Mutanen Bakin Iyaka?

Duk lokacin da na ziyarci Lafagu, a ƙaramar hukumar Bagudo dab da iyakar Benin, nakan tuna da rahoton da Kwamitin Kerner ya fitar a Amurka a 1968. Bayan tarzomar Detroit da Newark ta 1967, kwamitin ya zargi jaridun ƙasar da kallon al'amura da idon Turawa kawai, alhali baƙaƙen fatar da abin ya shafa ba a ji ta bakinsu ba.

Mu ma mun ga namu shekarun guguwar. Daga soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 zuwa rasuwar Janar Abacha a 1998, mujallun Tell da TheNews sun sha fitowa a ɓoye, Bagauda Kaltho kuma ya ɓace a 1996. Babu mai musun wannan jarunta. Sai dai yawancin gwagwarmayar da Ingilishi aka yi ta, daga Legas. Manomin bakin iyaka a rediyo yake jin labarin ƙasarsa.

Har yanzu ba ta sake zane ba. Da aka rufe iyakoki a 2019, aka hana kai fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, 'yan jarida nawa suka tambayi mazauna wurin da Hausa, Fulatanci ko Dandanci?

A matsayina na malamin harshe, kirana ga editocinmu shi ne su ɗauki wakilai masu jin harsunan nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.