GURGU MA FASINJA NE

A ƙasashen Turai da Amurka akwai waɗansu manyan jiragen ruwa waɗanda ba su da aiki sai yawo da mutane bisa teku don shan iska, mako ɗaya ko biyu. A cikinsu akan ware ɗakuna masu faɗin ƙofa saboda mai keken guragu, da makewayi mai abin dafawa, da gangara a inda ake sa matakala. Kada mai karatu ya zaci tausayi kaɗai ya sa masu jiragen yin haka. Amurka ta kafa dokar kare naƙasassu a 1990, sai wani kamfani ya ce ai jiragensa tutar wata ƙasa ke bisansu, dokar ba ta hau kansa ba. Fasinjoji naƙasassu suka kai ƙara, har a 2005 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa dokar ta shafi jirgin baƙi ma, muddin yana cikin ruwan ƙasar.

To, jama'a, me ya haɗa mutumin Gagarawa da jirgin shan iska? Mu ba teku gare mu ba. Amma muna da waɗanda shan inna ta karya tun suna yara, da tsofaffin da gwiwa ta ƙi, da masu shanyewar ɓarin jiki. Su kuwa tafiyarsu ta dole ce: asibitin Gumel, ko kasuwar Maigatari ran Alhamis, ko Kano wajen likita. Wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya san yadda ake yi. Mota ta zo, masu ƙafa su ruga su cika ta. In an ga dama, yaran mota su ɗauki dattijo ɗaya a hammata ɗaya a ƙafa, su cusa shi kamar buhun gero, sa'an nan a ɗaure kekensa a bisa, wani lokaci har a ce ya biya masa kuɗin kaya. Keken nan fa shi ne ƙafarsa. Wa aka taɓa karɓar kuɗin ƙafafunsa?

Abin takaici shi ne mu ma muna da doka. A watan Janairu 1959 ba mu da ita, amma a watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ambaci motocin haya, da tashoshin jirgin ƙasa, da na ruwa, da na sama. Ta yanka tarar naira miliyan 1 ga kamfani, naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-gine da ababen hawa, wa'adin kuwa ya cika tun Janairu 2024. Mai karatu ya duba tashar garinsu da idonsa, ya gaya mana abin da ya sake.

Ba mu manta ba, a 2007 Gwamnatin Jihar Jigawa ta fara ba naƙasassu naira 7,000 a wata. Madalla. Amma kuɗin hannu ba ya hawar da mutum mota.

Abu uku muke nema. Na ɗaya, Ƙananan Hukumomin Gagarawa, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar su zauna da shugabannin direbobi, a ba gurgu da tsoho kujerar gaba, a daina karɓar kuɗin keke. Wannan ba ya cin ko kwabo. Na biyu, kowace tasha da ake karɓar haraji a cikinta a yi mata gangarar siminti da benci a inuwa. Na uku, layin dogon Kano zuwa Nguru da ya ratsa Gagarawa an gama shi a 1930, ba wanda ya tuna da gurgu a lokacin. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ba shi da wannan hanzari. Tun ran gini ran zane.

Ku kuma 'yan'uwa naƙasassu, ku tuna mutanen can ƙara suka kai. Ku haɗa kai ku nemi hakkinku a rubuce. Mai ƙafa a yau, in Allah ya ja kwanansa, shi ne mai sanda gobe. Allah ya sa mahukunta su ji.