Fankama Tamu Ce, Ba Aro Ba

Jama'a, wani ɗan boko ya tsare ni a Kura yana rantsuwa wai kalmar fankama daga Larabci muka aro ta. Haba malam! Alfahari kam na yarda, daga fakhari na Larabawa ya fito, har da "al" ɗinsa a goshi. Amma fankama a gida aka haife ta. Ku saurari 'yan uwanta: fankameme, fankan-fankan. Duk faɗi suke nufi. Shi ya sa Bahaushe ya ce fankan-fankan ba shi ne kilishi ba. An yanyana nama siriri an shanya, ya cika faifai, ka ɗaga ka ji ba nauyi. A ganina nan ne asalinta: mutum ya baje kansa ya fi abin da ke cikinsa.

To me ya sa na damu har haka? Saboda mu nan fankama tana kashe shuka. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwan kanal ne ke riƙe da noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwa ɗaya ne, na sama ya sha ya sakar wa na ƙasa.

Da aka rufe iyakoki a 2019 shinkafa ta yi kuɗi, sai wani maƙwabcina na gona ya sayi mota. Daga ranar ya zama ranka ya daɗe. Ranar da ruwa ke kaina ya sa yaransa suka toshe da buhunan ƙasa, kwana uku. Na je da girmamawa na ce, "Alhaji, tumatirina ya fara laushi." Ko gilashin mota bai sauke ba. Furen ya zube ina kallo, ga kuɗin taki na bashi ne.

Wasu za su ce ai wannan girman kai ne. A'a, kada ku ƙara masa daraja! Mai girman kai sau da yawa yana da ɗan abin da ya taka, ilimi ko sarauta. Alhajin nawa kuwa gonar ma haya ce, kuma mai ita ya karɓe abarsa bara.