Tsiron fatar yara: Kada garin neman gira a rasa ido

Duk wanda ya san Kasuwar Ose Okwodu da ke bakin Kogin Kwara a Anacha ya san cewa hannu ne jarin mai neman abinci a wurin. Da shi ake sauke buhunan albasa da wake da barkono da suka kwana a hanya daga Arewa, da shi ake juya busasshen kifi. Yaran Hausawan da ke zaune a kewayen kasuwar kuwa da wuri suke shiga hidimar, hannu da ƴan raunuka, ƙafa cikin danshi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne uwa ta wayi gari ta ga ɗan tsiro mai tauri da kaushi a yatsan ɗanta ko a tafin ƙafarsa. Tsiron kansa ƙaramin abu ne. Abin tsoro shi ne irin maganin da ake yi masa.

Ba sammu ke kawo shi ba, ba kuma kambun baka ba. Tun a 1907 wani likita ɗan Italiya mai suna Giuseppe Ciuffo ya gwada a jikinsa, ya nuna cewa wata ƙwayar cuta ce da ta fi ƙarfin ganin ido. Yau ana kiranta HPV, kuma tana da ire-ire fiye da 100. Tana shiga ta inda fata ta tsage ko ta jiƙe ta yi laushi, sannan ta yi watanni kafin tsiron ya bayyana. Ana ɗaukarta ta taɓa mai ita, ko ta tawul da soso da takalmi da dandaryar makewayi da ake tarayya a kansu. Askar wanzami da rezar yankan farce, idan ba a tsabtace su ba, suna kai ta daga yaro zuwa yaro. Likitoci sun daɗe da lura cewa mahauta da masu gyaran kifi sun fi yawan fama da ita a hannu.

Gane shi ba wuya. Tsiro ne mai kaushi, launinsa kusa da na fata, sau da yawa da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a tsakiya. Ɗigon nan ƙananan jijiyoyin jini ne da suka toshe, ba saiwa ba ce da za a tono. Na tafin ƙafa yakan nutse ciki saboda nauyin jiki, yaro ya riƙa jin kamar ya taka tsakuwa. Na fuska kan zo ƙanana, shafaffu, da yawa.

Babban abin da ya kamata iyaye su sani shi ne, a jikin yaro mai lafiya tsiron yakan tafi da kansa. Kusan biyu cikin uku na ɓacewa cikin shekara biyu ba tare da an yi komai ba, kuma ba ya barin tabo. Wannan ne ma sirrin farin jinin magungunan gida. Duk abin da aka shafa ana dab da warkewa, shi ake yabawa.

Wasu daga cikin magungunan ba su da illa. Liƙe tsiron da filasta yana hana yaro ƙwaƙule shi da yaɗa shi. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2002 ya nuna kamar liƙewar tana warkarwa, amma binciken da suka biyo baya a 2006 da 2007 ba su tabbatar da hakan ba. Wasu kuwa ɓarna suke yi. Dakakkiyar tafarnuwa da aka ɗaure ta kwana tana ƙona fatar yaro. Man ɓawon ƙwallon kashu yana saɓule fata. Nonon tumfafiya, idan yaro ya kai hannu ido da shi, yana iya dushe masa gani na kwanaki. Ruwan batir da sodar sabulu da allura mai zafi da yanka da reza kuwa, ba su da wani suna sai ganganci. Baƙar fata tana da saurin yin tabo mai tudu wanda ke ci gaba da girma, sai a musanya abin da zai wuce cikin watanni da abin da yarinya za ta kai ɗakin aurenta. Ƙazamar reza kuma ƙofa ce ga cutar tetanus da ciwon hanta.

Maganin da bincike ya fi tsaya masa mai araha ne: sinadarin salisilik da ake samu a kantin magani mai rajista. Ana jiƙa wurin da ruwan ɗumi na minti biyar, a goge mataccen saman da dutsen da aka keɓe don haka, a ɗiga maganin a kan tsiron kaɗai, kullum, har zuwa mako 12. Ba a sa shi a fuska ko a al'aura, ba a kuma sa wa mai ciwon sukari sai da izinin likita. Dole a nufi asibiti idan tsiron yana zubar da jini, ko yana saurin girma, ko ya bazu a jiki, domin hakan na iya nuna raunin garkuwar jiki. Haka ma idan yaron zabiya ne, ko tsiron ya fito a al'aura ko dubura, wanda ke buƙatar bincike na tsanaki.

A nan ne nauyi ya hau kan ma'aikatan tarayya da masu ba shugabanni shawara a Abuja. Ba nisa daga Ose zuwa kasuwar magunguna ta bakin gada, wadda hukumar NAFDAC ta rufe a 2007 zamanin Farfesa Dora Akunyili, ta sake rufewa a Fabrairun 2025 saboda jabun magunguna. Rufe kasuwa yana da amfaninsa, amma ba ya gaya wa uwa abin da za ta yi da yatsan ɗanta. Uwar da ke unguwar Hausawa a Anacha ko Inugu ko Fatakwal tana zaune ne inda yawancin saƙon lafiya ke zuwa da Ibo ko Turanci, shirye-shiryen Hausa kuma an tsara su ne don jihohin Arewa. Gyaran ba ya buƙatar kasafi mai nauyi. Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa na iya fitar da gajeren saƙon murya da Hausa, a bi ta hannun Sarakunan Hausawa da limamai da malaman Islamiyya da shugabannin wanzamai.

Akwai ƙarin dalilin gaggawa. Tun Oktoban 2023 Najeriya ke yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta don kare su daga sankarar bakin mahaifa. Ire-iren ƙwayar da ke kawo sankarar dabam suke da masu kawo tsiron hannu. Idan ba a fayyace wannan da harshen da mutane ke ji ba, wata uwa za ta firgita cewa ƴarta ta kamu da sankara, wata kuma za ta ce allurar ba ta aiki tunda tsiro ya fito bayanta.

Kafin saƙon ya iso, abin da ke hannun iyaye a bayyane yake: kowane yaro da tawul ɗinsa da rezarsa, takalmi a ƙafa, filasta a kan tsiro, sannan haƙuri. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma wannan dutsen, cikin shekara ɗaya ko biyu yake nuna.