Mai Digiri da Satifiket ɗin Mataimakin Lauya: Hujjarmu Tana Magamar Jibiya

Wata tambaya ta yawaita a bakin matasanmu da suka kammala digiri na farko, musamman waɗanda suka karanta Shari'a ko Larabci: shin ba ci-baya ba ne mai digiri ya koma neman gurbin karatun satifiket na mataimakin lauya? Iyaye ma abin yana yi musu nauyi. Mu dai shawararmu ita ce a nema, hujjarmu kuwa tana Magamar Jibiya.

Duk wanda ya san hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san abin da wannan iyaka ta gani. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Kowane sauyi da ƙa'idojinsa yake zuwa, masu ɗanɗana kuɗarsa kuwa su ne ƙaramin ɗan kasuwa da direba da matar da danginta suke Ɗan Isa. Sai a tsare yaro kwana da kwanaki, mahaifinsa bai san sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta gurfanar da shi cikin kwana ɗaya ba, matuƙar akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40. Wani a kama shi a madadin ɗan'uwansa, alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta hakan. Kuɗin lauya kuwa ya fi ƙarfin mai fataucin buhu biyu na wake.

Wannan giɓi shi mataimakin lauya yake cikewa: ya fahimtar da mutum haƙƙinsa, ya rubuta masa koke, ya raka shi ofishin hukuma, ya shiga sulhu, in lamari ya girma ya miƙa shi ga lauya. Dokar Ba da Agajin Shari'a ta 2011 ta san da wannan aiki.

Ɗalibin Shari'a ya riga ya ci rabin tafiya, domin ya karanta babin wakilci da na shaida a Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, ya kuma san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da adalcin marubuci. Sau nawa zumunci ya lalace tsakanin ɗan kasuwar Jibiya da abokin cinikinsa na Maraɗi saboda an ƙulla bashi da baki, ba a faɗi ko da naira za a biya ko da sefa ba, canji ya juya, kowa ya rantse a kan gaskiyarsa? Takarda shafi ɗaya da shaidu biyu sun isa su kashe wannan wuta. Abin da ya rage wa ɗalibin shi ne dokokin kwastan da na shige da fice, da tsarin kotunan ƙasa. Ɗan Faransanci ma ba zai ɓaci ba a wannan gari.

Sai dai kada ɗoki ya sa a sayi fom kafin bincike. A tuntuɓi makarantun da suka daɗe suna koyar da shari'a, irin Kwalejin Dakta Yusufu Bala Usman ta Daura da Kwalejin Aminu Kano ta Kano, a ji abin da suke da shi. A kuma je ofishin Hukumar Agajin Shari'a na Katsina a tambaya ko ta san da takardar da ake shirin nema. Mai nema ya sani tun yanzu cewa samun wannan aiki kaɗan ne, kuma satifiket ba ya mayar da mutum lauya: wanda ya karɓi kuɗin talaka da sunan zai tsaya masa a kotu a matsayin lauya ya karya doka, ya kuma ci haram.