Uraniyom a Arlit, na'urar bincike a Grenoble

Tun 1971 ake haƙo uraniyom a Arlit, amma har yau Afirka ba ta da na'urar sinkurotoron ko ɗaya. A irinta da ke Grenoble, a Faransa, masana sun riƙa haska leza kan elektron masu tsananin gudu, su samu haske mai kaɗawa ta fuska ɗaya, su leƙa cikin ƙwayar zarra da shi.

Ɗalibin Zongon Kwatano da ke son wannan fanni sai ya bar nahiyar. Kuɗin na'urar ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya a yankinmu. A Jodan, ƙasashe suka haɗa hannu, har da Iran da Isra'ila, suka buɗe SESAME a 2017. Nan kuwa, rikicin 2023 ya rufe iyakar Benin da Nijar.